Shanun Jauro Buba da Gasar da Ta Wuce Rahila

Iliya, Rahila, Dauda, a wannan babin ba zan sake jera muku garuruwan da na zauna da makarantun da na koyar ba, kun ji har kun gaji. Magana ɗaya ce ta tokare mini maƙogwaro tun makon da muka binne babanku, ita zan sauke yau. A wajen zaman makoki na ji Dauda a bayan kicin yana gaya wa wani abokinsa wai Baba mutumin kirki ne, amma taurin kansa ne ya tare wa Rahila gaba a wasan golf, wai ya zaɓi shanun wani a kan 'yar cikinsa. Ban tanka ba saboda gida cike yake da baƙi. Amma Dauda, kai da a shekarar ko igiyar takalminka ba ka iya ɗaurewa, ina ka samo wannan zance? Na san inda ka samo. A tsakar gidan nan ka tsince shi, don haka kowa ya ɗauka, ita ma Rahilar haka take ɗauka har yau. To ku zauna ku ji daga bakin wadda aka yi komai a gabanta.

Babanku Danjuma malamin dabbobi ne, kun sani, rabin rayuwarsa a rugage ya yi ta yana yi wa shanu allura. Wani kwas da aka tura shi Jos ne ya jawo mana golf. Ya tafi da akwati ɗaya, ya dawo da akwati da wata tsohuwar jaka doguwa cike da sandunan ƙarfe masu lanƙwasasshen kai. Na zaci kayan aikin asibitin dabbobi ne. Da ya ce wasa ne, kuma manya ne ke yinsa, ana buga ɗan farin ƙwallo a bi shi da ƙafa har a jefa shi rami, sai da na zauna a bakin rijiya na yi dariya har da hawaye. Na ce masa mutum da gemunsa da 'ya'yansa zai dinga bin ƙwai cikin daji? Bai ji haushi ba. Babanku ba ya jin haushin dariya, shi ma tayawa yake yi.

Shi da abokansa kaɗan, ma'aikatan gwamnati da wani likita da wani lauya, suka kafa kulob suka nemi fili a bayan garin Jalingo ta hanyar da ke fita Iware, aka ba su. A takarda filin na gwamnati ne. A ƙasa kuwa kowa ya san makiyayar shanun Jauro Buba ce tun zamanin mahaifinsa, saboda akwai ƙorama a ƙarshen filin da ba ta ƙafewa ko bazara ta kai bazara. Sauran abokan suka ce ai an ba su, magana ta ƙare. Babanku ya ce ba ta ƙare ba. Ya hau mashin ya tafi rugar, ya zauna a tabarma ɗaya da Jauro, wanda ya daɗe yana duba masa garke, suka sha nono a ƙwarya suka ƙulla magana da baki. 'Yan wasa su yi nasu da sassafe da kuma yamma, shanu su shiga daga hantsi har rana ta yi sanyi. Shanu ba za su taka wuraren da ramukan suke ba. Su kuma 'yan wasa ba za su taɓa kafa waya ko katanga su tare hanyar ƙorama ba. Babanku ya dawo gida da ƙwaryar man shanu a ɗaure bayan mashin, yana ta murna.

Filin namu ba irin wanda kuke gani a talabijin ba ne. Ramuka tara ne, kuma kewayen kowane rami ba ciyawa ba ce, yashi ne mai laushi da ake cuɗawa da baƙin man mota don kada iska ta kwashe shi, a riƙa jan buhu a kai yana lafawa. Ni na san wannan man fiye da kowa, don ni ke wanke wandunan. Injin yankan ciyawa kuwa ba su da shi, kuma ba su taɓa bukatarsa ba. Shanun Jauro ne ke aske filin tas, su bar musu taki a kai kyauta. Idan ƙwallo ya faɗa cikin sawun kofato ko ya sauka a kan abin da saniya ta bari, sai ka ji manyan mutane suna ihu suna tsokanar juna kamar 'yan firamare. Shekara da shekaru haka aka zauna, ba a taɓa jin kansu ba. Matar Jauro, Dija, takan biyo ta gidanmu na Yelwa da ƙwaryarta, kuma lokacin da na yaye Rahila ta ƙi cin komai ta rame, kindirmon Dija ne kaɗai ta yarda da shi.

Cikin ku uku Rahila ce wasan ya kama. Iliya ya gwada sau ɗaya ya ce zafin rana ya yi yawa. Ita kuwa tun jakar ta fi ta tsawo take bin uban, ya sa aka yanke mata wata sanda daidai ita. Kafin ta kai ajin ƙarshe na sakandare ta fara cinye mazan kulob ɗin ɗaya bayan ɗaya, har likitan nan ya ce ya daina wasa da ita don hawan jininsa. Idan suka dawo da yamma sai na kore su daga falo, don za su ture mini kujeru suna gwada yadda ta juya kafaɗa a rami kaza. Ba ni da abin da na fi so a duniya kamar hayaniyar nan tasu, ko da yake a lokacin faɗa nake yi.

A bakin babanku na fara jin labarin hukumar golf ta ƙasa, muna cin tuwo. Ya ce ita ce uwar wasan a ƙasar nan gaba ɗaya. Ita ke riƙe da dokoki don abin da ya halatta a Jalingo ya zama shi ne ya halatta a Legas. Ita ke turo mutanenta su auna fili su san tsawonsa da wahalarsa, sannan ta amince da shi. Sai a filin da ta amince da shi ne ɗan wasa ke samun lambar da suke kira handikaf, wadda ke nuna matsayin gwanintarsa, don a iya gwada shi da wanda bai taɓa gani ba. Ita ke shirya gasar matasa ta ƙasa, daga can take zaɓen waɗanda za ta horar su wakilci ƙasa. Filinmu ba a taɓa auna shi ba, saboda haka duk bugun da Rahila ke yi, a idon hukuma ba ta da lamba, kuma ba lamba ba shiga gasa. Ga shi shekarar ita ce ta ƙarshe da shekarunta suka ba ta damar shiga sahun matasa.

Babanku shi ne kyaftin na kulob a lokacin, shi ya yi ta bibiya har hukumar ta amsa za ta turo mai auna fili a ƙarshen bazara, a kan lokacin da Rahila za ta iya tara wasannin da ake bukata kafin a rufe karɓar sunaye. Ranar da labarin ya zo Rahila ta ɗaga Dauda sama tana juyi da shi har suka faɗi a kan tabarmar da na shanya kuɓewa. Ban ma yi faɗa ba.

Ana cikin shiri sai ga ciyaman na kulob, lauyan nan, ya zo gida wata Asabar da la'asar. Ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, kuma ba mugun mutum ba ne, kunya ce ta yi masa yawa. Na kawo musu kunun zaƙi na koma bakin ƙofa ina tsintar wake, kunnena yana wurinsu.

Ya ce, "Kyaftin, mun zauna da 'yan kwamiti. Baƙo zai taso daga babban birni ya tarar da shanu a filin golf? Dariya za a yi mana a ƙasar nan. Ka je ka gaya wa mutuminka ya kwashe su zuwa wajen Iware har baƙo ya zo ya tafi. Mu share kashin, mu cike sawun."

Babanku ya ce, "In baƙon ya tafi fa?"

Ciyaman ya ce, "To, ai ka san fili in hukuma ta amince da shi dole a kewaye shi. Akwai wanda ya yi alkawarin ba mu waya."

"Hukumar ce ta ce a kewaye?"

"Ba ta faɗa ba, amma ai abu ne da hankali zai ba ka."

Babanku ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Barista, abu biyu kake so in yi. In nuna wa baƙo filin da ba shi ne filinmu ba, ya auna ƙarya ya tafi da ita. Sannan in je in kori mutumin da na zauna a tabarmarsa na ce masa ba za a taɓa tare masa ruwa ba, kuma a tsakiyar bazara. Ko ɗaya ba zan yi ba. Baƙo ya zo ya ga shanu. In ya ce ba a yi da shanu, sai mu san abin yi, ido na ganin ido."

Ciyaman ya miƙe yana kakkaɓe riga. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Ka tuna dai 'yarka ce za ta fi kowa asara." Ya san inda zai taɓa, ya kuwa taɓa.

Bari in faɗa muku gaskiya, ni ba na bayan babanku a ranar. Motar ciyaman ba ta gama fita layi ba na watsar da waken na hau babanku da faɗa. Na ce shanu ne ba su da ƙafar tafiya? Kwana nawa ne duka? Na ce yarinya ta ƙone a rana shekara da shekaru, yanzu ƙofa ta buɗe za ka sa ƙafa ka rufe saboda maganar da aka yi a kan ƙwaryar nono? Ya bar ni na gama, don ya san in ban gama ba ba na ji. Sannan ya ce shi ya san garken nan saniya saniya. Sun rame, da yawa suna da ciki, wasu sun haihu 'yan maruƙan ko tsayuwa ba su gama iyawa ba. Hanyar Iware a lokacin manoma sun fara sharar gona suna jiran ruwan farko, kuma kowa a jihar nan ya san abin da kan biyo baya idan garke ya ratsa gonar da aka gyara. Ya ce kuma ranar da shanun suka fita, ranar za a kafa turakun waya, ba za su sake ganin ƙoramar nan ba. Na ce ni dai 'yata na sani. Ya ce shi ma.

Labari ba ya ɓuya a Jalingo. Bayan kwana kaɗan sai ga Jauro Buba da kansa a ƙofar gida da hantsi, da sandarsa a kafaɗa da malafarsa, shi da ba ya son shigowa gari. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a kan tabarma a gindin mangwaro. Hausarsa kun san ta, a karkace take, amma ba a rasa gane nufinsa.

Ya ce, "Likita, na ji magana. Yarinya namu ne. Nono na gidana ya sha. Bari ni kwashe shanu, in ya mutu biyu uku, Allah ya kawo wani. Kada yarinya ya yi kuka don ni."

Wallahi sai da na ji idona ya ciko, na ce a raina shi ke nan, Ubangiji ya kawo mafita, mai shanu da kansa ya yarda. Na kalli babanku. Kansa yana ƙasa.

Ya ce, "Jauro, in ka fita za su sa waya. Ka sani?"

Jauro ya ce, "Na sani."

"In sun sa waya ina za ka shayar da su baɗi?"

Jauro ya shiga zane a ƙasa da sandarsa. Babanku ya ce, "To ba da bakina ba. Ka koma ka bar shanunka inda suke. Tun farko ni na zo wurinka, ba kai ka zo wurina ba." Jauro ya ce, "Useko, Likita," wato godiya a bakinsu, ya tashi ya tafi ko ruwan da na kawo bai sha ba.

Rahila tana bayan labule, duk ta ji. Da yamma ta fito ta durƙusa a gaban ubanta, abin da ba ta saba ba, don su biyun wasa da dariya ne tsakaninsu. Ta ce, "Baba, shi da kansa ya yarda. Don Allah, Baba. Sau ɗaya ne kawai. Ba zan sake roƙonka komai ba." Ya ce, "Mamana, ya yarda ne saboda yana son ki. Shi ya sa ba zan karɓa ba." Ta tashi ta shiga ɗaki ta turo ƙofa a hankali. Da ma ta buga ta da ƙarfi da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya biyo baya bai da daɗin faɗa. Kwamiti ya zauna ya sauke babanku daga kyaftin. Suka aika wa Jauro ya kwashe shanu, ya ce shi da Likita ya yi magana, sai abin da Likita ya ce. Ba wanda ya yi ƙarfin halin korarsu da tsiya, kuma 'yan kulob ɗin kansu sun rabu biyu. Ciyaman ya ga ranar baƙo tana matsowa ga shanu suna nan, sai ya buga waya ya ce a ɗaga zuwan, fili bai shirya ba. Aka ɗaga. Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, aka rufe karɓar sunaye, aka yi gasar ba Rahila. Ta ɗauki jakar sandunanta ta tura ƙarƙashin gado. A gidan nan aka daina ture mini kujeru. Tana gaishe shi da safe, tana kai masa abinci, in ya yi magana ta amsa da ladabi, amma ko kalmar fili ba ta sake fita daga bakinta a gabansa ba. Shi kuma ya ci gaba da fita da jakarsa shi kaɗai, a matsayin ɗan kulob kawai, ya dawo ya wanke ƙafa ya zauna shiru.

Da shekara ta zagayo hukumar ta tashi zagayen filayen wannan yanki da kanta, ta sanar da zuwanta a ƙurarren lokaci, ba damar ɓoye komai. Wata mata ce ta zo, doguwa, da hular rana da abin awonta. Ni ma na je, don ina so in ga ƙarshen abin da ya hana gidana dariya. Ta iso da hantsi daidai lokacin da garken ke gangarowa ƙorama. Ciyaman ya fara ba da haƙuri yana haɗa gumi. Matar ta tsaya ta kalli shanun, ta tambaya ko suna taka yashin ramuka, aka ce a'a. Ta tambaya wa ke yanke ciyawa, aka nuna mata su. Sai ta yi murmushi ta ce ba filinmu ne na farko da ta gani da dabbobi ba, a ƙasashen da wasan ya fito ma akwai inda tumaki ke kiwo a fili. Ta ce dokokin wasan sun bar wa kowane kulob damar kafa ƙa'idar gida a kan sawun kofato da kashin dabba, ɗan wasa ya ɗauke ƙwallonsa ya ajiye a gefe ba tare da hukunci ba. Ta ce aikinsu su auna fili yadda yake a kullum, da an gyara shi don idonta da awon ya tashi a banza. Ta yini tana awo, ta sha nonon Dija, ta tafi. Aka amince da filin, da shanunsa da komai.

Na zaci babanku zai yi ta murna, ko ya je ya tsaya a gaban ciyaman ya ce ka gani. Bai yi ba. A hanyar dawowa, da muka shigo Yelwa, sai ya ce, "Rahila ta wuce shekarun." Shi ke nan abin da ya faɗa.

Sauran kun sani. Rahila ta tafi jami'a, ta yi shekaru ba ta taɓa sanda ba, sannan wata rana muka ji ta koma wasa a garin da take aiki, ta sami lambarta, ta yi kwas, yau ga ta tana koyar da 'yan mata golf a makarantu a ƙarƙashin wannan hukumar dai. Duk wanda ya shigo gidan nan sai babanku ya gaya masa, har masu karatun mita. Amma in ta zo Kirsimeti ba ta zuwa filin, shi kuma ba ya cewa ta zo.

Yanzu ga abin da ba wanda ya sani a cikinku. A makon da aka ɗaga zuwan baƙo, babanku ya ce muku za shi Mutum Biyu duba wasu shanu. Ba can ya je ba. Motar haya ya shiga ya tafi babban birni, mutumin da bayansa ke ciwo ko zaman coci ya yi tsawo, ya nemi ofishin hukumar har ya samu. Ya zauna a benci ya jira har wani dattijo cikin shugabannin ya saurare shi. Ya gaya masa komai, ya roƙa a bar yarinyar ta shiga ko ba lamba, a gwada ta a gani, in ba ta kai ba a koro ta. Ya ce mini bai taɓa roƙon ɗan adam irin roƙon da ya yi ranar ba. Dattijon ya karɓe shi da mutunci, ya ce ya yarda da duk abin da ya faɗa, amma akwai yara a wasu jihohin da su ma filinsu ba a auna ba, iyayensu ba su da kuɗin motar zuwa roƙo. In aka buɗe wa mai uban da ya iya zuwa, an zalunci wanda nasa bai iya ba. Akwai filin da aka amince da shi a wata jihar, amma ga nisa, ga jarrabawarta ta ƙarshe, ga lokaci ya ƙure, wasannin ba za su taru ba.

Ya dawo da rana tsaka kuna makaranta, ƙafafunsa a kumbure. Na zuba masa ruwan ɗumi a roba ya tsoma su, yana ba ni labari. Ni da na yi makonni ina fushi da shi, sai ga ni durƙushe ina matsa masa ƙafa ina kuka. Na ce wane irin mutane ne marasa tausayi.

Ya ce, "A'a, Maman Iliya. Gaskiyarsu ce. Da ni ne a kujerar, haka zan yi."

Na ce, "To ka gaya mata mana! Ta san ka je, ta san ka roƙa. Yarinyar nan gani take ko a jikinka."

Ya girgiza kai. Ya ce, "In ta ji na je har can na durƙusa aka ce a'a, za ta ce wasan ne ya rufe mata ƙofa, ta tsane shi har abada. Hannun yarinyar nan ba na yarwa ba ne. Gara ta bar laifin a kaina. Ni ubanta ne, ina nan, duk ranar da ta huce za ta same ni. Wasan kuwa in ta juya masa baya ba zai bi ta ba."

Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa ba muddin yana numfashi. Na riƙe, Allah ya sani da ƙyar, sau da yawa maganar takan zo mini har leɓe in haɗiye. Yanzu ya tafi, na sauke.

Rahila, 'yata, ban rubuta wannan don in ɗora miki kaya ba. Yarinya ce ke, an karya miki zuciya, kuma shi ya zaɓi shirun, ba ke ba. Ina so ne kawai ki san ba a taɓa ajiye ki a gefe an ɗauki shanu ba. Mutumin nan ya riƙe maganarsa ga Jauro, sannan ya ɗauki ciwon bayansa ya tafi neman miki wata ƙofar, da bai samu ba ya tsaya ya sha fushinki don kada ki rasa abin da kike so. Bai taɓa yin ƙorafi a kanki ba, ko sau ɗaya, ko a gabana.

A watannin ciwonsa na ƙarshe kin saba kiransa kowace Lahadi bayan an taso coci. Tun safe yake sa in caza masa wayar in ajiye kusa da filo. Kuna gaisawa, ki tambayi jiki, ki tambayi magani, ya ce da sauƙi ko ba sauƙin, sannan ki ce a ba Mama. In na gama magana da ke na ajiye, sai ya juyo ya tambaye ni a hankali, "Ta yi maganar fili?" In ce a'a. Lahadin ƙarshe ma da muryarsa ta kusa ɗaukewa sai da ya tambaya. Na so in yi masa ƙarya, amma ban taɓa yi masa ba, kuma da na yi da ya gane. Na ce a'a, Baban Iliya, ba ta yi ba. Ya yi ɗan murmushi ya gyara kansa a kan filo.

Ya ce, "Ba komai. A bar ta. Wataƙila wani satin."